Kirsimeti a gidajen maƙwabta: abin da ake yi daga daren 24 ga Disamba zuwa sabuwar shekara

Bahaushen da ke zaune a unguwar Briqueterie ta Yawunde, ko Zongo ta Kwatano, ko Nima ta Akara, ba ya bukatar duba kalanda kafin ya san Kirsimeti ta ƙarato. Kuɗin kaza da zabo sun tashi, teloli sun daina karɓar sabon ɗinki, tashoshin mota sun cika maƙil da masu tafiya garuruwansu. Ranar 25 ga Disamba hutu ce a Kamaru da Chadi da Benin da Togo da Burkina Faso da Kwaddibuwa da Ghana, har ma da Senegal da Mali da Nijar inda Musulmi suka fi yawa.

Duk da haka mutum yana iya shekara ashirin katanga ɗaya da maƙwabcinsa Kirista, bai san abin da ake yi a cikin gidan a wannan dare ba. Sanin abin yana sauƙaƙa zama tare, domin mafi yawan bikin a tsakar gida ake yin sa, kuma wani ɓangarensa yana tsallako katanga.

Me ya sa 25 ga Disamba?

Kiristoci suna tunawa ne da haihuwar Yesu Almasihu, wato Annabi Isa (AS), a garin Baitalami. Littattafan Linjila ba su ambaci ranar haihuwar ba. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana bikin a ranar 25 ga Disamba ya fito ne daga birnin Roma, kuma yana nuni da shekarar 336. Daga can ranar ta bazu, 'yan mishan na Katolika da na Furotesta suka zo da ita Afirka ta Yamma da ta Tsakiya.

Kibɗawan Masar da Sudan da Kiristocin Habasha su kuwa sai ranar 7 ga Janairu suke nasu, saboda cocinsu bai koma kan kalandar da Fafaroma Gregory ya gyara a 1582 ba. Shi ya sa Bahaushen Khartum ko Wad Madani zai iya ganin maƙwabta biyu suna bikin haihuwa ɗaya da tazarar kwana 13 a tsakani.

Daren 24: coci, sannan tukunya

A ƙasashen da Faransa ta raina, inda ake kiran bikin Noël, babban lokacin shi ne daren 24. Iyali kan yi wanka da yamma, a saka sababbin kaya, a tafi addu'ar dare. A da sai tsakar dare ake fara ta. Yanzu coci-coci da yawa sun dawo da ita ƙarfe takwas ko tara, saboda yara da tsofaffi da kuma sha'anin tsaro. Idan aka dawo gida sai a zauna cin abincin da ake kira réveillon. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Faransanci mai nufin farkawa, tunda mutane kan kai asuba ido biyu.

Sunan na Faransa ne, amma abin da ke cikin tukunya na gida ne. A kudancin Kamaru ana yin ndolé, miyar shuwaka da gyaɗa, da kuma poulet DG, kaza da soyayyar ayaba. A Abijan akwai kedjenou, kazar da ake dafawa a rufaffiyar tukunya ba a zuba mata ruwa sosai, a ci da attiéké na rogo. A Wagadugu shinkafa dafa-duka ce, riz gras, da kazar gida wadda suke wa laƙabi da poulet bicyclette. A Ghana, inda ake kiran bikin Bronya, sakwarar fufu da miyar akuya ko kaza ce kan gaba, kuma a can ranar 25 ta fi daren 24 armashi, sannan 26 ga wata ma hutu ce kamar a Najeriya.

A ƙauyuka da yawa, shinkafa da nama su ne alamar bikin. Gidan da ya shekara yana cin tuwon dawa ko masara yakan yi ƙoƙari a wannan rana ya ɗora shinkafa, ya yanka ko da kaza ɗaya ce. Lokacin ya kuma dace da bayan kaka: rumbu a cike, an sayar da auduga ko gyaɗa ko koko, 'yan birni sun zo gida da tsaraba. Saboda haka ne dangi kan haɗa taron da wasu hidimomi, kamar ɗaurin aure, sulhunta 'yan uwa da ziyarar kaburburan iyaye.

Ɗakin dabbobi a ƙofar gida

Al'adar da ta fi ɗaukar ido ita ce ta crèche, wato siffar wurin da aka haifi Almasihu. Linjilar Luka ta ce an kwantar da jaririn a komin dabbobi saboda ba a samu masauki ba, kuma makiyaya ne suka fara zuwa ganinsa. A 1223 Francis na Assisi ya kwaikwayi wannan yanayi a ƙauyen Greccio na Italiya, da sa da jaki na gaske. Daga baya gidajen Katolika suka riƙa ajiye ƙananan siffofi a kusurwar ɗaki, a bar komin babu kowa sai daren 24 a sa jaririn a ciki.

A Burkina Faso al'adar ta fito waje, ta koma hannun yara. Tun farkon Disamba za ka ga yaran unguwa a Wagadugu da Bobo-Dioulasso da Koudougou suna kwaɓa laka, suna buga ƙananan tubala da gwangwanin sardin, suna shanya su a rana. Da su suke gina ɗan ƙaramin gini a bakin ƙofar gida, wani kamar coci mai hasumiya, wani kamar gidan bene. Sai a shafa farar ƙasa ko fenti, a rubuta Joyeux Noël da Bonne Année a jiki, a kunna kyandir a ciki idan dare ya yi. Akan yi gasa a unguwanni da coci-coci don zaɓen wanda ya fi kyau. Yaran Musulmi sukan shiga aikin tare da abokansu, wani ya ɗebo ruwa, wani ya buga tubali. Ginin yana nan har damina ta zo ta narkar da shi, baɗi a sake wani.

Yara masu rufe fuska

A kudancin Benin, yara kan yi ƙungiya su saka abin rufe fuska da tufafi masu launi, su riƙa bin gida-gida suna kiɗa da gwangwanaye suna rawa, ana ba su 'yan kuɗi. Sunan wasan Kaléta. Ana danganta shi da 'yantattun bayin da suka dawo daga Brazil a ƙarni na 19 suka zauna a Ouidah da Porto-Novo. A Sekondi-Takoradi ta Ghana manya ne ke fita tituna da irin wannan shiga, a bikin da ake kira Ankos.

Wanda ya tashi da tashe ba zai ga baƙon abu a nan ba. A Wagadugu ma akwai wasan Dodo da yara ke yi a daren azumi da fuskokin dabbobi, wanda ake cewa fataken Hausawa ne suka kawo shi. Yaro ɗaya yana iya yin Dodo a watan Ramadan, ya kuma taya abokinsa gina crèche a Disamba.

Bishiya, Père Noël da kek

Waɗannan uku sun fi yawa a gidajen ma'aikata da manyan kantunan birni. Bishiyar da ake ƙawatawa ta fito ne daga yankin Alsace da ƙasashen Jamusawa a ƙarni na 16. Da yake irin itacen ba ya fitowa a Sahel, ta roba ake saya, mafi yawa ƙirar China, a ninke a ajiye sai wata shekara. Père Noël, tsoho mai farin gemu da jan kaya, asalinsa Nicolas ne, wani bishop na garin Myra da ke Turkiyya ta yau, wanda ya rayu a ƙarni na 4 kuma ya yi suna wajen kyauta ga mabukata. Kek ɗin bûche de Noël mai siffar gungume yana tuna babban icen da Faransawa ke sawa a murhu a daren sanyi.

Makarantu da ma'aikatu kan shirya wa yara taron arbre de Noël kafin hutu, a raba kayan wasa. Iyaye Hausawa da 'ya'yansu ke makarantun boko a Duwala ko Lome sun san wannan taro, domin takardar neman gudummawa kan zo gida ba tare da an tambayi addinin yaro ba. Ga talaka kuwa, kyautar Kirsimeti ita ce sabuwar riga da takalmi, daidai da kayan Sallah.

Kirsimeti da harshen Hausa

Akwai gidajen da ake wannan biki da Hausa zalla. An kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932, kuma Hausa ce harshen sujada a ɗimbin coci-coci na arewacin Najeriya, da wasu a Maraɗi da Dogon Dutsi da Galmi a Nijar. A irin waɗannan wurare matan Zumuntar Mata kan ɗinka anko, su yi waƙoƙi da kiɗan tulu da caki. A gida ana soya cincin tun kwana biyu kafin ranar, a yi waina da miyar taushe, a haɗa zoɓo da kunun zaƙi. Bayan an taso daga coci yara su fita yawon gaishe-gaishe ana ba su kuɗi, abin da kowa zai kira barka da Sallah.

Kwanon da ke tsallaka katanga

A nan ne bikin ya shafi kowa. Gidajen Kiristoci kan zuba abinci a kwanuka su aika wa maƙwabta, kamar yadda naman layya ke isa gare su da Babbar Sallah. A Senegal wannan musaya ta yi ƙarfi har ta sami abincinta na musamman, ngalax, kunun gero da gyaɗa da kuka wanda Kiristoci ke rabawa Musulmi lokacin Ista.

A garuruwa da dama na arewacin Kamaru da Chadi da Najeriya, mai gida Kirista yakan kira maƙwabcinsa Musulmi ko mahauci ya yanka masa akuyar biki, don kada wani ya ƙi cin abincin. Yakan kuma ware tukunyar da naman alade ko giya ba su taɓa ba. Malamai sun sha bamban kan taya murnar bikin da baki, kuma kowa yana bin wanda ya natsu da shi. Amma ko wanda ba zai ci ba, dattawan zango kan ce ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, kada ya mayar da kwano wayam. Ɗan sukari, ko dabino, ko goro ya wadatar. Mayar da abinci a gaban yaron da aka aiko yana barin tabon da ba ya gogewa da wuri, kuma wanda ke zaune a ƙasar da danginsa ba su da yawa, maƙwabci ne farkon mai jin kukansa idan gobara ta tashi.

Ga 'yan kasuwa kuma, Disamba kaka ce ta biyu. Awaki da shanun da ake yankawa a Abijan da Kwatano da Duwala yawancinsu daga Sahel suke gangarowa, haka albasar Galmi. Masu tsire da kilishi, teloli da dillalan kaji duk suna cin rabonsu.

Sabuwar shekara da ciwon Janairu

Mako ɗaya bayan Kirsimeti sai daren 31, wanda ake kira Saint-Sylvestre, da sunan wani Fafaroma da ya rasu ranar 31 ga Disamba, 335. Wasu kan kwana a coci suna addu'a, wasu a wuraren rawa, ana ta harba wasan wuta da ƙarfe goma sha biyu. Washegari ƙanana su bi manya gaisuwa. Wannan mako ne haɗurran mota da babur ke yawaita, shi ya sa hukumomi ke ƙara jami'ai a kan hanyoyi.

Daga nan sai aljihu ya fara magana. Masu jin Faransanci sun raɗa wa halin suna janviose, kamar wata cuta ce da ke kama mutum a Janairu: an cinye albashi, kuɗin haya da na makaranta suna jira. Don gudun haka mata da yawa kan zuba adashe tun farkon shekara, a kwashe a Disamba. Mai shago a zango ya san a watan nan littafin bashi ne zai yi kauri.

Da yake shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, bukukuwan biyu kan haɗu lokaci-lokaci. A 2000 an yi Ƙaramar Sallah kwana biyu zuwa uku bayan Kirsimeti, a 2015 kuma Mauludi ya zo gab da ita. Lissafin masana taurari ya nuna a Disamban 2033 Ƙaramar Sallah za ta sake faɗowa a makon Kirsimeti. A irin wannan shekara tela ɗaya ne zai yi wa gidajen biyu alkawari, kuma a wurin dillali ɗaya za a yi cinikin kaza.