Yadda Tsohuwar Bas Mai Man Gas Ke Cin Hunturu A Birnin Yakutsk

A nan ƙasarmu, idan muku-muku ya kankama cikin watan Janairu, ba abin mamaki ba ne mutum ya yi sammako zuwa tasha ya iske yaran mota suna tura tsohuwar bas mai amfani da man gas, direba kuwa yana ciki yana ta fama da makulli. Sanyin da ke jawo wannan wahala bai cika sauka ƙasa da digiri 10 a ma'aunin santigired ba. To, akwai wani birni a gabashin ƙasar Rasha inda irin wannan bas ɗin, ƙirar Japan, take jigilar mutane da kaya cikin sanyin digiri 40 har zuwa 50 ƙasa da sifiri, watau ƙasa da matakin da ruwa ke zama ƙanƙara.

Sunan birnin Yakutsk. Yana bakin Kogin Lena ne, kuma shi ne hedkwatar Jamhuriyar Sakha, wadda aka fi sani da Yakutiya. Faɗin wannan jamhuriya ya ninka na Nijeriya fiye da sau uku, amma mutanenta wajen miliyan ɗaya ne kawai, kuma fiye da 300,000 daga cikinsu a Yakutsk suke zaune. A watan Fabrairu na 1891 an auna sanyin digiri 64.4 ƙasa da sifiri a birnin. A ƙauyen Oymyakon, wanda ke gabas da shi, an auna digiri 67.7 a shekarar 1933.

Bayan wargajewar Tarayyar Sobiyet a 1991, tsofaffin motocin Japan sun yi ta kwarara zuwa wannan yanki ta tashar jiragen ruwa ta Vladivostok. Cikinsu har da Toyota Hiace da Mitsubishi Delica masu injin gas. Gaskiya ne yawancin masu ƙananan motoci a Yakutsk sun fi amincewa da fetur, haka kuma motar da ta fi suna wajen zirga-zirga tsakanin ƙauyuka ita ce UAZ ƙirar Rasha, mai fetur, wadda ake ƙera ta tun 1965, ake kuma yi mata laƙabi da "burodi" saboda siffarta. Amma wanda ya riga ya mallaki bas mai man gas, kuma da ita yake ciyar da iyalinsa, ba shi da halin jingine ta har wata biyar. Dabararsa duka ta tattaru ne a kan abu guda: kada ya yarda injin ya huce.

Dalilin haka yana cikin yadda aka ƙera injin. Injin fetur yana da fulogi mai ba da tartsatsin wuta. Injin gas, wanda Rudolf Diesel ya kammala na farkonsa mai aiki sosai a birnin Augsburg na Jamus a 1897, ba shi da wannan. Abin da yake yi shi ne, fistin ya matse iska cikin silinda har ta koma kashi ɗaya cikin 21 ko 22 na girmanta, zafinta ya haura digiri 500, sa'an nan nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Idan ƙarfen injin ya kwana cikin sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri, sai ya zuƙe wannan zafi kafin man ya kama. Idan kuwa injin tsoho ne, ringinsa ya ci, iskar ma zurarewa take yi ta gefen fistin. Domin haka ne aka sa wa kowace silinda ɗan ƙarfen nan da kanikawa ke kira hita, wanda ke yin ja wur kafin a tayar da mota. Direban da hitarsa ɗaya ta mutu a ƙasa mai zafi zai iya yin shekara bai damu ba. A Yakutsk ranar farko ta hunturu za ta tona asirinsa.

Man da ke barci

Babbar matsala ita ce man kansa. Kowace uwargida ta san yadda manja ko man gyaɗa ke barci a kwalba lokacin ɗari. Haka man gas yake, domin akwai kaki narkakke a cikinsa, irin wanda ake yin kyandir da shi. Da sanyi ya sauka kaɗan ƙasa da sifiri, sai man bazara ya fara dusashewa, ƙananan ƙwayoyin kakin su fito fili. Tun kafin man ya daskare gaba ɗaya, waɗannan ƙwayoyi sun riga sun toshe matatar mai, wadda ake kira filta. Abin da ya sa wannan ya fi kowace matsala haɗari shi ne, ba a gida take kama direba ba. Motar za ta tashi lafiya lau daga gareji mai ɗumi, ta yi kilomita ashirin ko talatin, iskar hanya ta daki tanki da bututun mai, sai ƙarfin injin ya fara raguwa, ya yi ta shaƙewa har ya mutu a inda babu gida gaba babu gida baya.

Hukumomin Sobiyet sun san da haka. Ƙa'idar da suka kafa a 1982 ta raba man gas gida uku: na bazara, wanda ke daskarewa a digiri 10 ƙasa da sifiri, na hunturu, wanda ke jurewa har digiri 35 ko 45, da kuma na can ƙuryar arewa, wanda sai a digiri 55 yake daskarewa. An sabunta ƙa'idar daga baya, amma wannan rabo na uku yana nan a bakin direbobi. Wanda ya shigo hunturu da ragowar man bazara a tanki, ko ya sha mai a gidan man da bai amince da shi ba, ya ɗauko wa kansa dala ba gammo.

Akwai magunguna da ake zubawa a tanki don hana kakin dunƙulewa, sai dai tilas a zuba su tun man yana da ɗumi, domin ba sa tayar da man da ya riga ya yi barci. Tsofaffin direbobi kuwa kananzir suke surkawa. Yana tsinka man, amma yana da nasa aibu: ba shi da santsi kamar man gas, alhali kuwa da santsin man ne famfon injekta ke samun sauƙin juyawa. Wanda ya yawaita kananzir zai tsira daga hunturu, ya faɗa hannun bakanike da bazara. Har ila yau suna ƙoƙarin barin tanki a cike, saboda raɓar da ke taruwa a jikin tankin da ya yi ƙasa takan gangara cikin mai, ta zama ƙanƙara a bututu.

Sauran ruwayen da ke cikin mota su ma kowanne da halinsa. Baƙin mai mai lamba 15W-40, wanda kanikawanmu suka saba zuba wa injin gas, a digiri 20 ƙasa da sifiri ake gwada shi. Ya wuce nan sai ya yi kauri kamar ƙullu, ya riƙe injin, ya kuma ƙi hawa zuwa inda ake bukatarsa. A can mai lamba 0W ake nema, wanda ake gwadawa a digiri 35. Batir kuma, a daidai lokacin da ake neman ƙarfinsa ya ninka, a lokacin ne ƙarfin ke raguwa ƙwarai. Cikakken batir yana iya jure sanyin digiri 50 da ɗoriya, amma wanda cajinsa ya ƙare ruwansa na iya daskarewa tun wajen digiri 10, ya fasa kwandonsa. Shi ya sa wanda zai ajiye mota na kwanaki yakan kwance batir ya shiga da shi ɗaki.

Game da lagireto, zuba masa ruwa zalla daidai yake da ɗaukar guduma a fasa injin, domin ruwa yana ƙara girma da wajen kashi 9 cikin 100 idan ya zama ƙanƙara. Ana gauraya shi da wani sinadari mai hana daskarewa. Rabi da rabi yana jurewa har wajen digiri 37. Idan sinadarin ya kai kashi 60 cikin 100 sai ya haura digiri 50. Abin mamaki a nan, sinadarin shi kaɗai, ba tare da ruwa ba, tun a wajen digiri 13 yake daskarewa. Mai ganin zai yi wayo ya zuba shi zalla ya yi asara biyu.

Gareji, bargo da injin da ba ya hutawa

Hanyar da ta fi kowace ita ce gareji mai ɗumi, kuma a Yakutsk haya ake biyansa kamar ɗakin kwana. Wanda bai samu ba, ko kuwa ya fita aiki ya tsaya a kasuwa ko ofis, sai ya bar injin yana aiki. Da yawa suna lulluɓe motar gaba ɗaya da wani ƙaton bargo mai kauri da aka ɗinka daidai jikinta, wanda mutanen garin ke kira "Natasha", su fitar da bakin salansa waje, su kuma haɗa na'urar da ke tayar da injin da kanta duk lokacin da zafinsa ya sauka. Wasu suna sa ƙaramin murhu mai shan man motar, irin na kamfanonin Webasto da Eberspächer na Jamus, wanda ke ɗumama ruwan injin kafin a tayar. A ƙasashen Kanada da Finland hanyar da aka fi bi ita ce ta lantarki: a jona waya daga mota zuwa bango ko wani turke a wurin ajiye motoci. Wani injiniya mai suna Andrew Freeman, a jihar Dakota ta Arewa a Amurka, shi ya sami takardar mallakar irin wannan ƙirƙira a 1949.

Barin injin yana aiki ba kyauta ba ne. Ko da bai sha lita guda a awa ba, wata ɗaya awa 720 ne, sai mai karatu ya yi lissafi. Ban da haka, injin gas ba ya fitar da zafi sosai idan yana tsaye ba kaya, saboda haka man ba ya ƙonewa sarai, baƙin hayaƙi ya taru a nozul, wani man kuma ya zurara ya tsinka baƙin mai. Domin riƙe ɗan zafin da ke akwai ne direbobi ke toshe gaban lagireto, su shimfiɗa bargon gashi a kan injin, su ɗaure tamfol a ƙarƙashinsa. Gilashin gaba ma ninka shi suke yi, su manna na biyu a kan na farko, don kada numfashin fasinja ya zama ƙanƙara ya rufe wa direba hanya. Tururin dubban motocin da ke tsaye suna aiki yana cikin abubuwan da ke haddasa hazon ƙanƙara da ke rufe birnin a tsakiyar hunturu.

A ganinmu, a nan ne tsufan motar ke zama alheri ta wani gefen. Tsohon injin mai famfon injekta na ƙarfe ba shi da kwamfutar da za ta hana shi tashi, ba shi da matatar hayaƙin da ke toshewa idan an daɗe a tsaye, ba ya kuma bukatar ruwan tace hayaƙi na motocin zamani, wanda ke daskarewa a digiri 11 ƙasa da sifiri. Direba mai sifana da ɗan sani zai iya canja filta a bakin hanya, ya fitar da iska daga bututu, ya ci gaba. Sai dai fa aikin minti goma da hannu tsirara a irin wannan sanyi ya isa ya ɓata yatsu.

Idan mota ta riga ta daskare, tayar da ita sana'a ce mai zaman kanta. Masu yin ta sukan rufe motar da tanti, su hura mata iska mai zafi na awoyi har mai ya narke. Masu gaggawa kan kunna wuta a ƙarƙashin injin, kuma ta haka motoci da dama suka ƙone ƙurmus. Haka nan fesa wa injin mai hita sinadarin nan mai saurin kamawa da ake sayarwa a gwangwani yana iya sa ya kama tun fistin bai kai sama ba, ya karya ringi. Ko bayan ta tashi, ba a fizgar ta. Tayar da ta kwana a tsaye takan sandare da gefe ɗaya a baje, roba takan tsage, ƙarfe kuma ya yi saurin karyewa, saboda haka kilomitocin farko a hankali ake yin su.

A cikin gari duk wannan asarar kuɗi ce da ɓata lokaci. A bayan gari kuwa maganar rai ce. Har zuwa shekarar 2024 babu gada a kan Kogin Lena a Yakutsk. Da bazara jirgin fito ake shiga, da hunturu kuma a bi ta kan ƙanƙarar kogin zuwa garin Nizhny Bestyakh. Daga nan hanyar Kolyma ta miƙe wajen kilomita 2,000 zuwa Magadan, hanyar da fursunoni suka fara ginawa a zamanin Stalin, kuma akan yi tafiya mai nisa a kanta ba a ga ko bukka ba. A watan Disamba na 2020 wasu samari biyu 'yan shekara 18 suka bi wani tsohon reshe na wannan hanya da aka daina amfani da shi, wani itace ya huda lagireton motarsu cikin sanyin wajen digiri 50. Da masu ceto suka iske su bayan kwanaki, ɗaya ya riga ya rasu, ɗayan kuma sanyi ya yi wa hannuwansa da ƙafafunsa mummunar illa. Direbobin da suka san hanyar ba sa fita sai da filta ta biyu, da gatari, da ashana, da tufafin da za su iya kwana da su a waje. Idan ta ɓaci, tayar safiya suke ƙonawa su ji ɗumi. Al'ada ce kuma mai ƙarfi a yankin cewa ba a wuce motar da aka gani tsaye a daji sai an tambayi lafiya.

Wajen tsakiyar Afrilu ake rufe hanyar kan kogi, ƙanƙara ta fara saki. Sa'an nan direba zai kwance tamfol, ya cire bargon kan injin da gilashi na biyu, ya juye baƙin man da ya sha wahala. Tilas ya buɗe gaban lagireto da wuri, domin bazarar Yakutsk ma ba wasa ba ce: a watan Yuli na 2011 zafi ya kai digiri 38.4 a birnin.