Ƙugun Mai Wasan Golf da Hikimar Masu Gashin Ƙashi

Wanda duk ya tsaya daga nesa yana kallon masu wasa a filin golf ɗin da marigayi Sarkin Dutse, Alhaji Nuhu Muhammad Sanusi, ya kafa a zamanin sarautarsa, wadda ta soma a 1995, zai zaci babu wasa mai sauƙi kamarsa, domin ba gudu, ba ture-ture, sai dattawa suna tafiya cikin natsuwa, yaro yana biye da jakar sanduna. Amma fa ƙugun mai bugun yana da nasa labarin.

Asalin illar yana cikin juyi. Sa'ad da mutum zai bugi ƙwallo, ƙafafunsa a kafe suke, gangar jikinsa ta murɗa baya, sa'an nan ta komo da ƙarfi cikin ƙiftawar ido. Allah kuwa cikin hikimarsa ya sanya galibin wannan juyi a kwatangwalo da ƙashin bayan da ke daura da ƙirji, ya bar wa gaɓoɓin ƙugu ɗaukar nauyi da sunkuyawa. To, ma'aikacin da ya kwashe kwana biyar a kujerar sakatariya har kwatangwalonsa ya sandare, ranar Asabar ya fito ya sauke bugu bai ɗumama jiki ba, lalle ƙugunsa ne zai biya bashin. Bayan ƙugu sai gwiwar hannu da wuyan hannu, musamman in sanda ta daki busasshiyar ƙasar rani.

A al'adarmu da an yi targaɗe sai a dafa ruwa a gasa, ko a nemi maɗori. Masu gashin ƙashi na asibiti, irin na Rasheed Shekoni a nan Dutse ko na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, sukan fara da ƙanƙara naɗe cikin ƙyalle muddin raunin sabo ne yana kumburi, zafi sai daga baya. Abin da ya fi ba majiyyaci mamaki shi ne ba sa yarda ya lazimci shimfiɗa, sabili da doguwar kwanciya tana raunana tsoka. Sai su ɗora shi bisa tadriji, yana miƙar da kwatangwalo, yana ƙarfafa tsokar ciki da ta ɗuwawu, waɗanda su ne ɗamarar ƙashin baya. Ciwon da ya gangara ƙafa da sandarewa ko rashin ƙarfi kuwa, wannan na likita ne, ba jinkiri.

Inda mutanenmu suka fi kasawa, a ganina, haƙurin komawa fili ne. Ɗan wasan golf Tiger Woods na Amurka, da aka haɗe masa gaɓoɓin baya a Afrilun 2017, sai a Afrilun 2019 ya sake cin gasar Masters. Ƙa'idar da ake bi ita ce a soma da gangara ƙwallo kusa da rami, sa'an nan rabin bugu da gajeriyar sanda, a zaga ramuka 9 a ga yadda aka kwana, kafin a nufi 18.