Haɗarin mota: sulhu da kamfanin inshora ko zuwa gaban alƙali?

Daga Yamai zuwa Damagaram, ta Dosso da Birnin Ƙonni da Maraɗi, duk ɗan tasha ya san abin da kan biyo bayan haɗari. Jandarmomi su auna hanya su rubuta takarda, a kai masu rauni likita, kashegari dattawan mai mota su zo gaisuwa da ɗan abin hannu. Sau da yawa zancen nan yake ƙarewa, dangi su ce sun bar wa Allah. Sai bayan wata shida, ƙafa ta ƙi ɗaukar mai ita kuma jari ya tafi wajen magani, ake tuna cewa motar tana da inshora.

Dokar da ke hukunta wannan sha'ani a Nijar ita ce ta CIMA, yarjejeniyar da ƙasashen Afirka masu amfani da kuɗin sefa suka sa wa hannu a Yawunde ranar 10 ga Yuli 1992, dokar kuma ta fara aiki a 1995. An ɗauko tsarinta daga wata dokar Faransa ta 1985, kuma ta sa sulhu gaba da shari'a. Kamfanin inshora ne aka ɗora wa nauyin zuwa da tayin diyya. Tun farko an ba shi wata 12 daga ranar haɗari, in ya makara akwai tara a kansa. Kafin wa'adin tayi ya cika, alƙali ba ya karɓar ƙarar neman diyya. Fasinja da mai tafiya ƙasa ana biyan su ko da sun yi sakaci, sai fa in da gangan suka nemi abin ya same su.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ma'auni ɗaya ne ya ɗaure kamfani da alƙali. Dokar ta jera abubuwan da ake biya: kuɗin magani, kwanakin da mutum ya yi bai fita nema ba, naƙasa ta dindindin, azabar ciwo, tabon da ya ɓata jiki, in kuma rai ya yi halinsa, kuɗin jana'iza da rabon magada. Yawancinsu da mafi ƙanƙancin albashi ake lissafa su, wanda a Nijar ya tashi daga sefa 30.047 zuwa jika 42 a 2024, kuma akwai iyakar da ba a ƙetarewa. Wanda ya ƙi tayi don yana zaton kotu za ta ba shi miliyoyin da ya ji labarinsu a Amurka, zai sha zaman jira da kuɗin lauya, ya dawo kusa da inda ya tashi.

Duk da haka akwai inda shari'a take da amfani. Na farko, ƙimar naƙasa. Likitan da kamfani ya zaɓa ne ke cewa kashi nawa cikin ɗari jiki ya ragu, kuma tsakanin kashi 10 da kashi 25 akwai kuɗi masu yawa. Mai rauni yana da damar zuwa da nasa likita, in an saɓa a nemi na uku. Na biyu, abin da mutum yake samu kafin haɗari. Ma'aikacin gwamnati ya huta, takardar albashinsa ta wata shida ta ishe shi shaida. Ɗan kasuwa kuwa takardun harajinsa na shekara biyu ake tambaya, kuma nan gizo ke saƙa: alhajin da ke loda albasa daga Galmi zuwa Abijan, in bai da takarda, da mafi ƙanƙancin albashi za a auna shi, daidai da yaron shagonsa.

Gaggawa ita ce babban haɗarin sulhu. Mai ciwo yana bukatar kuɗi yau, sai ya sa hannu tun likita bai tabbatar rauni ya tsaya inda zai tsaya ba. Doka ta ba shi kwana 15 ya warware ta wasiƙa mai rajista in an saɓa ƙa'idarta. Bayan nan kamfani yana da wata guda ya biya. In yaro ne ya ji rauni, sai an kai sulhun ga iyayensa da ke raye, in babu su a kai shi gaban alƙalin da ke kula da dukiyar yara ko majalisar dangi.

Sulhun zaure, gaban mai unguwa ko sarki, yana da darajarsa, yana kashe gaba tsakanin gidaje biyu da za su ci gaba da haɗuwa a kasuwa da masallaci. Amma yafe wa direba bai sauke nauyin da ke kan kamfani ba, domin don wannan rana mai mota yake biyan kuɗi kowace shekara. Haka kuma bai hana mai gabatar da ƙara gurfanar da direban in ya ga laifi. Haƙƙin neman diyyar yana faɗuwa bayan shekara biyar daga ranar haɗari, kuma takardar jandarmomi ita ce farkon abin da za a tambaya.