Jiki Magayi: Zafin Ciwo da Ƙwayar Tiramol a Illela

Ranar kasuwar Illela, tun da sassafe 'yan dako ke sauke buhunan hatsi da albasa daga motocin da ke kai da komo tsakanin Sakkwato da Birnin Ƙonni. Kafin la'asar baya ya ƙage, gwiwa tana zogi. Sai wani ya nufi mai tallar magani, ya sayi tiramol ya haɗiye, ya koma bakin aiki. Abin tambaya, mene ne ƙwayar ta yi wa jikinsa?

A fata da tsoka da gaɓoɓi akwai 'yan siraran jijiyoyi da aikinsu shi ne kai rahoton rauni. Iri biyu ne. Wasu na gudu da saƙo har mita 30 a daƙiƙa ɗaya, wasu kuwa ba sa wuce mita 2. Shi ya sa idan buhu ya faɗo wa mutum a ƙafa, sai ya fara jin suka nan take, daga baya raɗaɗi ya biyo. Saƙon yana ratsa laka kafin ya isa ƙwaƙwalwa. A 1965 masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana cewa akwai wata irin ƙofa a cikin laka, kuma shafa wurin ciwo yana tsuke ta. Uwar da ke murza goshin ɗanta bayan ya buge, ƙofar nan take turawa.

Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac suna rage sinadarin da ke kawo kumburi a daidai wurin raunin. Tiramol, wato tiramadol, wanda kamfanin Grünenthal na Jamus ya fitar a 1977, hanyarsa daban ce. Hanta tana juya shi zuwa wani sinadari mai aiki irin na mofin, wanda ke danne saƙon a laka da ƙwaƙwalwa. Raunin na nan, labarinsa ne kawai aka tare. Ɗan dako zai ci gaba da ɗaukar kaya da bayan da ke neman hutu.

Likita kan ba da miligiram 50 ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini. Ƙwayar da ake fasa-ƙwaurinta, wadda hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ke yawan kamawa, kan kai miligiram 225. Guda biyu sun zarce iyaka. Daga nan sai jijjiga kamar ta farfaɗiya, numfashi ya yi ƙasa, jiki kuma ya saba har ya kasa tashi sai da ita. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 4.6 na shan magunguna irin su tiramol ba da umarnin likita ba.

Hausawa sun ce jiki magayi. Ciwon bayan da ya ƙi tafiya magana yake yi, kuma Babban Asibitin Illela ne wurin da za a saurare shi. Ɗan dako ba shi da jarin da ya wuce bayansa.