Tsohuwar A-kori-kura a Ƙasar Ƙwanni: Dalilan Rayata da Abin da Ya Biyo Baya

A ƙasar Amurka, tun wajen shekarun 1930, akwai samari a jihar Kalifoniya waɗanda suka ɗauki al'adar sayen tsofaffin motocin Ford, su rage musu nauyi, su ɗora musu inji mai ƙarfi, ba don komai ba sai sha'awar gudu da ƙawa; amma wanda ya zaga garejojin Birnin Ƙwanni, ko ya tsaya bakin hanya a Galmi lokacin kakar albasa, zai tarar da wannan sana'a tana raye a hannun mutanen da larura ce ta koya musu ita, kuma motar da suka daɗe suna yi wa hidima ita ce a-kori-kurar Fijo, 404 da ƙanwarta 504.

Asalin lamarin yana komawa ga ƙirar motar kanta. Kamfanin Peugeot ya fitar da 404 a shekarar 1960, a-kori-kurarta ta biyo baya a 1967, sa'an nan da aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin kamfanin a Kaduna a 1975, sai kayan gyaranta suka malalo ta Sakkwato da Illelar Najeriya har suka wadaci kasuwar Ƙwanni, ta yadda bakaniken da bai taɓa zama a aji ba yana iya sauke injin da hantsi, ya wanke kafireto, ya sauya fiston, ya mayar kafin Magariba, domin babu na'urar kwamfuta a cikinta da za ta ɓoye masa ilminta. Da aka karya darajar kuɗin Sefa da rabi a watan Janairun 1994, sabuwar mota ta zama abin hange daga nesa ga talaka, gyaran tsohuwa kuwa ya tashi daga mustahabbi ya koma wajibi.

Gyaran nan ya wuce faci. Akan tuɓe motar har sai shasi ya fito tsirara, mai walda ya liƙe inda tsatsa ta ci, a ƙara ganyen sifirin na baya har gindinta ya ɗaga sama, a ƙera mata bodin ƙarfe mai tsawo da sandunan ɗaura tamfol, wani lokaci ma a cire injinta na asali a dasa na wata mota. Daga ƙarshe mai fenti ya zo ya rubuta addu'a ko kirarin maigidan a goshinta, wanda shi kaɗai ne wurin da sha'awa take samun rabonta a cikin aikin.

Fa'idar abin ba ta ɓuya. Albasar Galmi da ta fadamun Ƙwanni, da buhunan simintin Malbaza, da awakin da ake kaiwa kasuwar Badagishiri, duk suna bukatar abin da zai bar kwalta ya shiga rairayi da duwatsun Adar ba tare da ya nemi kuɗin da ya fi ƙarfin manomi ba. Haka kuma kowane gareji makaranta ce, inda yaro yakan fara da miƙa sifana, ya ƙare da buɗe nasa wurin.

Sai dai akwai aibi a cikin wannan hikima, kuma a ganina shi ne mafi cancantar a tsaya a kansa. Motar da aka ƙera don ɗaukar kimanin tan guda, wato buhu goma na manyan buhunan albasa, idan aka ƙarfafa mata baya ta daina nuna gajiya, sai mai ita ya riɓanya mata lodi, fasinja su hau bisa kayan, alhali birkinta yana nan yadda Bafaranshe ya auna shi, tayoyinta kuma sau da yawa na hannu ne. Malaman fiƙihu sun ce tunkuɗe ɓarna ya gabaci jawo amfani, amma a gareji an juya ƙa'idar, saboda sifirin da inji suna kawo kuɗi a ranar, birki kuwa ba a ganin ladansa sai ranar da ya ƙi.

Zamani ma yana matsa wa tsohuwar a-kori-kurar. Kaduna ta daɗe da daina harhaɗa 504, kayan gyara na asali sun koma sai a jikin wadda ta mutu, rufe iyakar Najeriya a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya tsananta tsadarsu, janye tallafin fetur a Najeriya a 2023 ya rage arhar man da take sha, ga motocin Hilux da babura masu ƙafa uku suna raba ta da ciniki.

Saboda haka kirana ga shugabannin tasha da manyan makanikai shi ne, kada a bar motar da aka ƙara wa sifirin ta yi lodi sai an duba birkinta da tayoyinta.