Littattafan Matasa da Laifin da Ke Bakin Ƙofa

Matashi a Ruwan Godiya ko Sabuwa ko Ƙanƙara ba ya rasa abin karantawa a yau, ko da babu kantin littattafai kusa da shi. Littafin yana cikin waya. Marubuciya ta saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Wattpad, idan labari ya ɗauki zafi sai ta ce ragowar na kuɗi ne, a tura 'yan ɗaruruwan naira ko katin waya a shiga zauren da ake sakin ci gaba. Wanda karatun boko bai zauna masa ba sai ya je wurin mai cajin waya a zuba masa littafin da aka karanta da murya. Soyayya ce ke da kaso mafi tsoka a wannan kasuwa, amma kusa da ita akwai labaran yaƙi da aljanu da matsafa, akwai kuma labaran laifi da bincike, kuma samari sun fi karkata ga waɗannan biyun. Ra'ayina a kansu shi ne suna da amfani, kuma masu kushe su ba su yi musu adalci ba. Sai dai labarin laifi na Hausa ya yi zamansa a birni, ya bar laifin da ya fi kowanne cin rayukan masu karanta shi ba tare da ya dube shi ido da ido ba.

Duba yadda aka saba gina irin wannan labari. An kashe wani attajiri a katafaren gidansa a Kano ko Abuja, dukiya na jiran magada, wani jami'in bincike mai kaifin basira ya bi sawu har ya kama kishiya ko ɗan'uwa ko amini. Ginin yana da daɗi, kuma marubuta irin su Nazir Adam Salih da Bala Anas Babinlata sun daɗe da nuna cewa Hausa tana iya ɗaukar labari mai sarƙaƙiya da tsinka zuciya. Matsalar ita ce yawancin masu bin bayansu sun ɗauko jami'in binciken nan daga fina-finan Amurka da Indiya da kayan aikinsa duka, suka ajiye shi a ƙasar da laifi ba haka yake tafiya ba. A kudancin Katsina ba a wahalar gano wanda ya yi ta'asa. Sau da yawa an san sunansa, an san dajin da yake, har lambar wayarsa tana hannun mutane, domin shi ne ke kira ya faɗi kuɗin fansa. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako su bayan kusan mako guda, kuma ba a daɗe ba sunan Auwalu Daudawa ya bazu a matsayin jagoran aikin. Abin da ke ɓoye a nan daban ne: wa ya nuna gidan da za a shiga, wa ke kai mai da burodi da ƙwaya daji, ta wace hanya bindiga ta shigo, ina shanun da aka kora suke ƙarewa, kuma me ya mayar da yaron da aka sani yana kiwo ko yana acaɓa mutumin da ke yanke wa ƙauye haraji kafin a bar shi ya yi girbi. Waɗannan tambayoyi ne na mai ƙaga labari, domin rahoton jarida yana ƙirga gawa ya wuce, ba ya zama a cikin gida.

Kuma cikin gidan ne labarin yake. An ɗauke maigida, waya ta yi ƙara, an faɗi adadin da ko an sayar da gidan ba zai kai ba. Ƙanensa ya fara ciniki da muryar da ba ya gani, yana rage kuɗi yana tsoron kada ragin ya fusata ta. A fitar da buhunan masarar da aka ajiye don damina, a sa gona jingina, uwargida ta kawo 'yan kunnenta, a bi dangi har na Legas. Bayan an haɗa, a ce sai an ƙara da babur da katin waya. Sai kuma a rasa wanda zai yarda ya kai, don an sha riƙe ɗan aike. Duk wannan ana yinsa ne ana satar kallon maƙwabci, ana tunanin ko shi ne infoma. Marubucin da ke neman abin da zai hana mai karatu barci ba ya bukatar ƙirƙiro wata ƙungiyar asiri ta ƙasa da ƙasa alhali wannan yana gabansa.

Ba sabon abu nake nema ba, kuma Katsinawa sun riga sun yi shi. A 1982, sakamakon gasar da sashen al'adu na gwamnatin tarayya ya shirya, aka buga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. Na biyun ya shiga duniyar fasa-ƙwauri da yadda kuɗinsa ke sayen jami'ai da mutunci. Na farkon ya bi Mailoma, wanda yaƙin basasa ya koya wa kisa, ya fito ya tara 'yan ta'adda ya zama annoba. Shekara goma sha biyu kacal da gama yaƙin, Gagare ya riga ya tambayi inda makamai da mutanen da suka saba da jini za su nufa idan an ce an yi sulhu. Wanda ya karanta littafin nan yau a Faskari ba zai ji kamar tsohon labari yake karantawa ba.

Masu labaran aljanu da jarumai ma suna da gado irin wannan, ko da yake su aka fi yi wa gori da cewa suna ɓata wa yara lokaci da tatsuniya. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Ya aro daga littattafan Larabawa, amma ya sa jaruminsa ya taso daga Kwantagora, ya cika hanyarsa da alƙalai da malamai da 'yan kasuwa irin waɗanda mai karatu ya sani. Yayansa Bello Kagara ya fi shi zuwa kusa da ciwo. Littafinsa Ganɗoki ya buɗe ne da yaƙin da aka yi da Turawa aka sha kashi, abin da a lokacin shekara talatin ne kawai da faruwarsa kuma waɗanda suka gani da ido suna raye, daga nan ya ɗauki jarumin zuwa ƙasashen aljanu inda takobinsa ke da sauran amfani. Wato almara a Hausa tun farkonta hanya ce ta ɗaukar abin da ya yi wa zuciya nauyi. Littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, da samari suka yi ta haya a kasuwanni, daga wannan zuriya suke. Abin da na fi so in gani a na yanzu shi ne dajin cikinsu ya yi kama da dajin Rugu, sarkin cikinsu ya fuskanci zaɓin da dagaci ke fuskanta tsakanin biyan haraji da tashin gari.

Za a ce irin wannan rubutu zai ɗaukaka ɗan bindiga a idon yara, ko ya koya musu hanya. Tsoron cewa littafi zai ɓata yara ya daɗe. Shi ne ya kai ga ƙona littattafai a Kano a 2007 ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, da matsin da marubuta suka sha daga Hukumar Tace Fina-finai a shekarun da suka biyo baya. Amma yaron Sabuwa ba daga littafi zai fara jin labarin 'yan bindiga ba. Yana ganinsu a TikTok suna baje kuɗi, yana jin waƙoƙin da ake yi musu. Ɗaukakar ta riga ta iso wayarsa, abin da bai iso ba shi ne labarin da zai bi wannan mutum har cikin dare, ya nuna ƙwayar da ke riƙe da shi, da yadda yake tsoron yaransa, da irin mutuwar da ke jiransa. Daudawa ya miƙa wuya a farkon 2021, ya koma daji, aka kashe shi kafin shekarar ta yi rabi. Labarin da ya faɗi gaskiya a kan rayuwa irin wannan ba talla ba ne.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, kuma ban raina shi ba: wanda ya kwana a daji yana gudun hari yana da haƙƙin ya buɗe waya ya sami labarin da zai mantar da shi. Gaskiya ne, kuma babu mai cewa a daina rubuta soyayya ko labarin gidan sarauta. Sai dai mantuwa ba ita kaɗai ce bukatar mai ciwo ba. A 2016, shekarar farko ta gasar Hikayata ta BBC Hausa, labarin da ya zo na ɗaya shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu daga Katsina, a kan rayuwar waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Mutane sun saurare shi domin sun ji an faɗi abin da ke ransu da harshensu. Akwai kuma haɗarin da ya fi damuna, wato marubuci ya ɗauki hanya mai sauƙi ya mayar da labarin Bahaushe mai gaskiya da Bafulatani mugu. Wannan ƙarya ce, kuma tana iya jawo jini. Labari na ƙwarai dole ya ƙunshi makiyayin da aka sace wa garke, da rugar da 'yan sa-kai suka ƙona, da infoman da ke sallah a sahu ɗaya da wanda ya sayar. Ƙagaggen labari ne kaɗai ke iya riƙe waɗannan mutane duka a wuri guda ba tare da ya kama sunan kowa ba, kuma wannan ne kariyar marubucin da ke zaune kusa da daji: garin ƙirƙira, sunayen ƙirƙira.

Abin lura shi ne duk labaran da suka buɗe sabuwar hanya a nan gasa ce ta fito da su, ta 1933 da ta 1982 da ta 2016, domin kasuwa ita kaɗai tana maimaita abin da ya riga ya sayu ne. Marubuciyar da ke rayuwa da kuɗin zauren WhatsApp ba za ta yi kasadar wata shida a kan labarin da ba ta da tabbacin za a saya ba. Jihar Katsina tana da Hukumar Tarihi da Al'adu, tana da masana Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta tarayya da ke Dutsin-ma, tana da reshen ƙungiyar marubuta ta ƙasa. Suna iya sa gasar labarin laifi da almara don matasa, da sharaɗin a gina shi a karkarar jihar, a buga waɗanda suka yi nasara, a kuma karanta su da murya don su shiga wayoyin da ke Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa.