Wilin Keken Tsere da Mahayi Mai Jiki

Shirin na yau ya shafi wilin keken tsere, wato keken nan mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai wanda aka ƙera domin gudu a kan kwalta, da kuma yadda mutum mai jiki, wanda nauyinsa ya kai kilo 90 ko 100 ko ma fiye, zai zaɓi wilin da zai daɗe yana ɗaukarsa. Tushen matsalar shi ne kamfanoni kan auna kayansu da jikin ƙwararrun 'yan tsere, waɗanda akasarinsu ba su wuce kilo 60 zuwa 75 ba, kuma babban burinsu shi ne rage nauyi, har ta kai hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta kafa doka a shekarar 2000 cewa kada keken gasa ya gaza kilo 6.8. Wilin da aka yi wa irin wannan jiki, idan ya faɗa hannun mai jiki, ba ya jimawa yake fara karkacewa.

Sassan wili uku ne: akwai rim, wato gargaren da taya ke zama a kansa, akwai hob, wanda ke tsakiya yana juyawa a kan boris, sai kuma sifok, siraran wayoyin ƙarfe da suka haɗa su biyun. Wani Bature ɗan Ingila, George Cayley, shi ya fara tunanin wili mai ɗaurarrun wayoyi a shekarar 1808, kuma ba don keke ya yi tunanin ba, neman ƙafa marar nauyi yake yi wa abin tashi sama da yake ƙoƙarin ƙerawa. Daga baya James Starley na birnin Coventry ya fito da dabarar gitta sifok a 1874, ta yadda kowanne zai bar hob a karkace ya ƙetare 'yan uwansa kafin ya isa rim, kuma wannan ɗauri shi ake yi har gobe, domin shi ke isar da ƙarfin feda daga hob zuwa ƙasa ba tare da an wahalar da wayoyin ba.

Wanda ya fi kowa warware yadda wili ke ɗaukar nauyi shi ne Jobst Brandt, wani injiniya ɗan jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda ya yi aiki a kamfanin motoci na Porsche da kuma Hewlett-Packard, ya kuma wallafa littafinsa mai suna The Bicycle Wheel a 1981. Abin da ya nuna yana da ban mamaki, kuma ya kamata a saurare shi da kyau. Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan aka hau keke sifok ɗin sama ne ke ƙara miƙewa, kamar a ce hob yana rataye a jikinsu, amma awo ya nuna cewa babban canjin a ƙasa yake faruwa: rim yakan ɗan lotsa a daidai inda taya ta taɓa hanya, sai 'yan sifok uku ko huɗu da ke wurin su sassauta, sauran kuwa kusan ba abin da ya same su. Da zarar wilin ya juya sun bar ƙasa, sai su koma tsaurinsu na da. Ke nan kowane sifok yana sassautawa ya sake tsauri sau ɗaya a kowane juyi, kuma tun da kewayen wilin keken tsere ya ɗan haura mita 2, a kilomita ɗaya kawai hakan na faruwa kusan sau 475, a kilomita 1,000 kuwa kusan sau rabin miliyan.

Wannan sassautawa da tsauri, sassautawa da tsauri, ita ce ke kashe wili. Ƙarfe yana gajiya idan aka yi ta ja ana saki, kuma gajiyar takan taru a gwiwar sifok, wato lanƙwasar da ke maƙale a hob, har wata rana ya tsinke ko da a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ce ba rami ba dutse. Mai jiki yana sa sifok ɗin ƙasa su sassauta fiye da yadda ɗan siriri zai sa, idan kuwa sassaucin ya kai ga sun saki gaba ɗaya, sai ɗan notin da ke riƙe da su a rim ya fara kwancewa da kansa, wilin ya fara kaɗawa yana gogar birki. Saboda haka abin da mai jiki ke bukata shi ne sifok masu yawa da za su raba nauyin a tsakaninsu, waɗanda aka ja su da ƙarfi kuma daidai wa daida.

Wilin baya shi ne ya fi shan wahala, kuma a kansa ya kamata kuɗi da hankali su tafi. Kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin mahayi a kansa yake, shi ke karɓar ƙarfin feda, sannan yana da wani rauni na asali: tarin giyoyin da ke gefen dama, waɗanda a yau sukan kai 11 ko 12, sun cinye wuri, sun tilasta wa sifok ɗin wannan gefe tsayawa kusan a miƙe, yayin da na hagu suka fi kwanciya. Domin rim ya zauna a tsakiya, dole na dama su yi tsauri sosai, wajen kilo 110 zuwa 120 na ƙarfin ja, na hagu kuwa sukan tsaya a kusan rabin haka, kuma su ne suka fi saurin saki. Magabata a sana'ar ƙera keke sun fahimci lamarin tun da daɗewa, domin tsofaffin kekunan Ingila irin su Raleigh na birnin Nottingham, waɗanda suka yi shekaru suna ɗaukar buhun hatsi da itace da fasinja a hanyoyin ƙasar Hausa, an saba ɗaura musu sifok 32 a gaba da 40 a baya, wato an ƙara a inda nauyi yake. Abin takaici ne a ce wannan hikima ta ɓace a kasuwar keken tsere, inda ake tallar wili mai sifok 20 ko 24 ga kowa da kowa. Ga mai kilo 100, sifok 32 a baya shi ne mafi ƙaranci da hankali zai kwanta da shi, 36 kuma ya fi, a ɗaura su kowanne ya gitta uku.

Akwai wani kuskure da ya yaɗu, na zaton cewa sifok mai kauri ɗaya daga sama har ƙasa shi ya fi ƙarko. Brandt ya nuna akasin haka: sifok ɗin da aka rage masa kauri a tsakiya, alal misali milimita 2.0 a bakunansa biyu da 1.8 a tsakiya, ya fi daɗewa, domin siririn tsakiyar yana ɗan miƙewa ya shanye canjin nauyi, ya sauƙaƙa wa gwiwa da wurin noti, inda tsinkewa ke faruwa. Kamfanonin DT Swiss na ƙasar Suwizalan da Sapim na Beljiyam suna yin irinsu da ƙarfen da ba ya tsatsa, har da masu ƙarin kauri a gwiwa domin masu nauyi. Notin kuma gara na tagulla a kan na alminiyam, domin ba ya saurin cin kansa ko tsagewa.

Duk da haka, kayan kirki ba sa hana wili lalacewa idan ɗaurin bai yi ba, kuma a nan ne hannun gwani yake da daraja fiye da sunan kamfani. Gwanin ɗaurin wili yana ja a hankali yana zagayawa, yana auna tsauri da na'ura, ko kuwa ya kaɗa kowane sifok ya saurari amonsa kamar yadda mai molo ke gwada tsarkiya, har sai na gefe ɗaya duk sun yi murya ɗaya. Sannan yakan kama su biyu-biyu ya matse da ƙarfi, domin ya kwantar da gwiwoyinsu ya fitar da damuwar da ta rage a cikin ƙarfen tun daga masana'anta. Wilin da inji ya ɗaura, idan aka kai shi wurin irin wannan mutum kafin a fara hawa ya daidaita tsaurinsa, yakan fi daɗewa.

Lokaci na ƙurewa, don haka a taƙaice sauran. Rim ya kasance mai bango biyu, mai ɗan zurfi, na alminiyam, domin yana da sauƙin kuɗi kuma yana nuna alamar lotsawa kafin ya gaza, kuma akwai wanda aka huda ramukansa a karkace zuwa hagu domin rage bambancin tsaurin nan na wilin baya. A duba iyakar nauyin da kamfani ya rubuta, a kuma lura cewa sau da yawa lissafin ya haɗa mahayi da keke da kaya baki ɗaya. Taya mai faɗin milimita 28 ko 32, idan jikin keken zai ɗauka, ta fi ta 23 kare rim daga bakin rami, muddin an ba ta iskar da ta dace da nauyin mai hawa, kuma a riƙa gwada iskar da famfo mai ma'auni kafin kowace fita.